Gyambon Kwanciya Da Maganin Haske: Abin Da Ya Kamata Masu Jinyar Tsofaffi A Ƙasar Rima Su Sani

A cikin abubuwan da ke kashe tsofaffi a ƙasar nan akwai wani wanda ba a cika jin sunansa a wurin zaman makoki ba. In aka tambayi abin da ya yi ajalin dattijo, sai a ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, ko kuwa faɗuwa ya yi ya karye a kwatangwalo, ko dai a ce tsufa ne kurum. Amma sau da yawa waɗanda suka yi jinyarsa, da wanda ya yi masa wanka, sun san cewa akwai wani rami a bayansa wanda ya kai faɗin tafin hannu, kuma ta nan ne dafi ya shiga jininsa. Wannan shi ne gyambon kwanciya, watau mikin da ke fitowa a jikin majinyacin da ya daɗe kwance a wuri ɗaya ba ya iya juya kansa.

A 'yan shekarun nan an yi ta baza labarin cewa ana warkar da irin wannan gyambo da hasken fitila. Ɗalibanmu suna ganin hotunan na'urorin a wayoyinsu, 'yan kasuwa kuma suna tallar waɗansu jajayen fitilu a intanet da alkawarin za su haɗe kowane irin miki. Ma'aikacin gwamnati da ke Sakkwato ko Abuja, wanda ya baro tsohuwarsa kwance a Rimawa, ko Wurno, ko Rabah, yana da hakkin ya san gaskiyar wannan magana kafin ya taɓa albashinsa. Haka nan jami'in da zai sa hannu a takardar sayen kayan asibiti. Maganar haske ba tatsuniya ba ce, tana da tushe a ilmin likita. Sai dai matsayinta bai kai inda masu talla suke kai ta ba.

YADDA GYAMBON KE FARAWA

Fatar ɗan Adam da naman da ke ƙarƙashinta suna rayuwa ne da jinin da ke ratsa waɗansu jijiyoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda suka fi silin gashi siranta. Tun a shekarar 1930 wani masani Ba'amurke mai suna Eugene Landis ya auna ƙarfin bugun jini a cikinsu, ya samu bai wuce kimanin 32 ba, a ma'aunin nan da likita ke cewa jinin mai lafiya yana kan 120. To, idan mutum ya kwanta, nauyin jikinsa yana taruwa a wuraren da ƙashi ya turo: ƙasan tsatso inda ƙashin baya ya ƙare, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Naman da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa sai ya matse, jijiyoyin su toshe. Mai lafiya ba ya bari haka ta daɗe, domin ko yana barci jikinsa na jin tsami ya juya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda rauni ya hana shi motsi, shi ne ke kwana a yadda aka ajiye shi. Cikin 'yan sa'o'i kaɗan naman wurin yana iya fara mutuwa.

Likitoci sun kasa gyambon mataki huɗu. A na farko fata ba ta fashe ba, launinta ne kawai ya sauya. A na biyu ta saɓule ko ta yi bororo. A na uku ramin ya ratsa fata duka ya kai ga kitse. A na huɗu kuwa ana ganin tsoka, ko jijiya, ko ƙashi. Abin da ke ruɗin masu jinya shi ne sau da yawa ɓarnar daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, har bakin mikin ya zama kamar na tulu, ƙarami a sama, faffaɗa a ƙasa.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Littattafan jinya da aka rubuta a Turai suna koya wa ɗalibi ya nemi wurin da ya yi ja, wanda in an danna shi da yatsa ba ya yin fari. Wannan alama ba ta fitowa sosai a baƙar fata. A jikinmu wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi. In an shafa a ji ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi lugub. Saboda haka mai jinya a ƙasar Hausa da hannu zai duba, ba da ido kaɗai ba, kuma a wuri mai haske, ba a cikin duhun ɗaka ba.

Cutar ba ta talakawa kaɗai ba ce. Wani nazari da aka buga a shekarar 2020, wanda ya tattara rahotannin asibitoci daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa wajen kashi 13 cikin 100 na manyan da ke kwance a asibiti suna da wannan miki. Ƙasashe masu arziki ma suna fama da shi.

HALIN DA AKE CIKI A GABASHIN SAKKWATO

Mutanen kwarin Rima manoma ne na damina da rani. Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama ya ƙara riƙe hannun magidanta a fadama kusan duk shekara. Ma'anar wannan ga tsohon da ya kwanta ita ce, masu ƙarfin ɗaga shi suna gona tun daga asuba, waɗanda ke gida kuwa mata ne da yara, kuma kowa da aikinsa. Ba a yar da tsoho a ƙasar nan. Ana ba shi kunu a baki, ana wanke masa tufa, ana zama kusa da shi. Abin da ba a sani ba shi ne cewa barinsa ya huta a kwance ɗaya, wanda ake yi don tausayi, shi ne ke cin namansa.

Shimfiɗar ma tana da nata laifi. Tabarma a kan daɓe, ko tsohuwar katifar da ta lotsa har ana jin katakon gado, ba sa raba nauyin jiki. Sa'an nan ga ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wannan leda tana tara gumi, fata ta jiƙe ta yi laushi kamar wadda ta daɗe a ruwa, jan zane kaɗan sai ya saɓule ta. Da hunturu kuma fatar tsoho bushewa take yi ta tsattsage.

Akwai kuma kunya, wadda ba a rubuta ta a littattafan Turawa ba. Ɗa namiji ba zai buɗe bayan mahaifiyarsa ba. Matar ɗa tana jin nauyin surukinta. Shi kuma dattijon, ko da yana jin zafi, ba zai ambaci wurin ba. Ta haka ne gyambon tsatso ke yin makonni ba wanda ya gan shi, sai ranar da wari ya tona shi. A lokacin nan ne ake neman mota zuwa babban asibitin Wurno, ko na Rabah, ko na Goronyo, daga can kuma a tura su Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki tun wajen 2018 ta ƙara sa tafiyar ta zama abin da iyali ke jinkirtawa.

DAGA INA MAGANAR HASKE TA FITO?

Yin magani da haske ya girmi na'urorin da ake talla yau da fiye da shekara ɗari. A 1877 waɗansu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta. Bayansu sai wani likita na ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya ƙera fitila mai tattara haske, ya riƙa warkar da tarin fukan da ke cin fatar fuska da ita, cutar da a zamanin nan ba ta da magani. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1903, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. A cikin shekarar nan ta 1903 kuma Dokta Auguste Rollier ya buɗe asibitinsa a garin Leysin, kan duwatsun Suwizalan, inda ake shanya masu tarin fukan ƙashi a rana bisa ƙa'ida, ana farawa da ƙafafu na 'yan mintoci, ana ƙarawa sannu a hankali. Da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin suka bayyana, sai aka yi watsi da yawancin wannan hanya.

Abin da ya farfaɗo da ita dace ne. A 1960 Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a Amurka, watau na'ura mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya tak. A 1967 wani likitan fiɗa a birnin Budafes na ƙasar Hangari, Endre Mester, ya so ya gwada ko wannan haske zai kashe ciwon daji a jikin ɓeraye. Na'urarsa ba ta da ƙarfi, ba ta kashe kome ba. Amma ya lura cewa gashin da ya aske a bayan ɓerayen da aka haska ya riga na sauran tsirowa, raunukansu kuma sun fi saurin haɗewa. Daga nan ya shiga haska gyambunan mutane waɗanda suka ƙi warkewa. Daga baya, cikin shekarun 1990, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, wadda ke gwada shuka tsirrai a kumbo da ƙananan fitilun LED, ta ba da kuɗi aka bincika ko irin fitilun za su taimaka wa rauni. Wannan ne ya sa na'urorin suka yi araha, domin fitilar LED ita ce dai irin wadda ke cikin tocilan da ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye.

Mu ma a Nijeriya mun san wani reshe na wannan ilmi. Duk wanda ya shiga ɗakin jarirai a babban asibiti ya ga shuɗiyar fitilar da ake sa jariri mai shawara a ƙarƙashinta. Asalinta wata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, Sista Jean Ward, wadda ta lura a 1956 cewa jikin jariran da take fitarwa rana yana washewa. A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Asibitin Haihuwa na Island da ke Legas a kan jarirai 447, inda aka nuna cewa hasken rana da aka tace da wata leda ta musamman yana aiki daidai da fitilar lantarki. Wannan magani ne tabbatacce. Amma tabbatarsa a kan shawarar jarirai ba ta zama hujja a kan gyambon tsofaffi ba, domin launin hasken daban, aikin da yake yi a jiki kuma daban.

YADDA AKE GANIN YANA AIKI

Farin hasken rana gauraye ne na launuka, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita. Ja yana tsakanin 620 da 700. Gaba da ja akwai wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa infirared. Can ɗaya gefen kuma, gaba da shunayya, akwai ultirabayolet, shi ma ba a ganinsa, shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne kuma mai ƙona fata.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai waɗansu 'yan gidaje da ake kira maitokondiriya, waɗanda aikinsu kamar na murhu ne: su ke juya abinci da iska su zama ƙarfin da ƙwayar ke aiki da shi. Binciken da wata masaniya mai suna Tiina Karu ta yi a Rasha tun cikin shekarun 1980 ya nuna cewa akwai wani sinadari a cikin wannan murhu mai shan jan haske da infirared na kusa da shi. In ya sha, sai wutar ta ƙara kamawa, jijiyoyin jini na wurin su ɗan buɗe, kumburi ya ragu, ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama su ƙara himma. Ba zafi ne ke yin aikin ba. Majinyaci ba ya jin kome in ana haska shi, kuma 'yan mintoci ne a kowane zama.

Sai dai haske a nan kamar gishiri yake a miya. In ya yi kaɗan ba ya yin kome, in ya yi yawa sai ya danne ƙwayoyin da aka so a zaburar. Kuma jan haske bai wuce 'yan milimitoci yake ratsawa cikin nama ba. Gyambon da ya kai ƙashi, ko wanda mataccen nama ya rufe, ya fi ƙarfinsa.

ABIN DA GWAJE-GWAJE SUKA NUNA

A kan ɓeraye da cikin kwalaben ɗakin bincike sakamakon yana da daɗin ji. A kan tsofaffi kuwa, magana ta rabu.

A ƙasar Suwidin, a 2001, an buga wani gwaji da aka yi a kan tsofaffi 74 waɗanda suka faɗi suka ji rauni, suka kuma kamu da gyambon kwanciya. An raba su biyu, duka ana yi musu jinyar da aka saba, amma rabi ana ƙara musu jan haske da infirared. Gyambunan waɗanda aka haska sun fi saurin tsukewa. A 2003 sai ga wani gwaji daga gidajen kula da tsofaffi na ƙasar Holan, a kan mutum 86 masu gyambo mataki na uku, da leza mai zango 904. Ba a ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda aka haska da waɗanda ba a haska ba. A 2013 masu bincike a ƙasar Folan suka gwada zango uku, 658 da 808 da 940, suka samu cewa na farkon, watau jan da ido ke gani, shi kaɗai ya yi tasiri a fili; sauran biyun ba su fi na'urar da aka kashe ba.

A 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen likitoci ba sani ba sabo, ta tattara gwaji 7 da suka ƙunshi majinyata 403. Hukuncin da ta yanke shi ne gwaje-gwajen ƙanana ne, tsarinsu yana da rauni, kowanne kuma da irin fitilarsa da irin adadinsa, don haka ba a tabbatar da amfanin ba, ba a kuma kore shi ba. An ƙara yin waɗansu gwaje-gwaje bayan nan, da dama sun karkata ga jan haske, amma har yanzu matsayinsa a wurin likitoci na mataimaki ne, ba na magani mai tsayuwa da ƙafarsa ba.

Mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, a duk waɗannan gwaje-gwaje ba a taɓa haska majinyaci aka bar shi kwance a kan mikinsa ba. Kowa ana juya shi, ana wanke masa gyambon, ana ciyar da shi, yana kuma kan katifa ta gari. Hasken ƙari ne a kan wannan. Na biyu, gwaje-gwajen nan uku duka a Turai aka yi su. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi yana shan haske ƙwarai, har ya mai da wani sashe nasa zafi. Tsakiyar gyambo jan nama ne ga kowa, amma gefensa, inda sabuwar fata ke tasowa, ba haka yake ba. Adadin da ya dace da tsohuwa a Suwidin ba lalle ne ya dace da tsohuwa a Rimawa ba, kuma wannan tambaya ce da jami'o'inmu ya kamata su amsa da kansu.

KADA A RIKITA SHI DA GASHI

Mutanenmu sun yarda da gashi. Ana gasa targaɗe, ana gasa maijego, a asibiti ma sashen nan da ke motsa gaɓoɓin masu shanyewar jiki sashen gashi muke kiransa, kuma a can akwai wata babbar jar fitila mai ɗumi da ake haska wa mai ciwon baya. Wannan fitila ba ita ce ake magana a kai ba. Ita zafi take bayarwa. Ɗora ta a kan gyambon kwanciya haɗari ne, domin zafi na busar da miki, alhali tun 1962 binciken George Winter a Ingila ya nuna cewa rauni ya fi saurin haɗewa in an rufe shi yana da ɗan danshi. Daɗin daɗawa, fatar da ta shanye ba ta jin ƙuna, majinyaci ba zai ce wayyo ba sai an ga bororo. Haka abin yake ga garwashin wuta a kasko, da tsumma mai ruwan zafi, da shanya tsoho a ranar Sakkwato da sunan maganin haske. Fitar da shi inuwa da hantsi ya sha iska, ya ga jama'a, abu ne mai kyau ga zuciyarsa da ƙashinsa. Buɗe miki ga ƙura da ƙuda kuwa ƙara masa cuta ne.

Fitilun da ake talla a intanet su ma a yi hattara da su. Jan fenti a kan ƙwai ba ya mai da shi na'urar likita. In ba a san zangon hasken ba, ba a san ƙarfinsa ba, ba a san tazarar da za a riƙe shi da mintocin da za a yi ba, to wasa ake yi. Leza tana lalata ido, shi ya sa mai haskawa da majinyaci duka suke sa tabarau na musamman. Ba a kuma haska mikin da ake zargin ya rikiɗe ya zama ciwon daji, abin da kan faru ga gyambon da ya shekara da shekaru.

ABIN DA KE HANNUN IYALI

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi nisa, a 1944, gwamnatin Ingila ta ɗora Dokta Ludwig Guttmann a kan sashen sojojin da suka karye a ƙashin baya a asibitin Stoke Mandeville. Kafin zuwansa yawancin irin waɗannan majinyata ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke ɗauke su. Bai zo da wata na'ura ba. Doka ya kafa cewa a juya kowane majinyaci bayan kowace sa'a biyu, dare da rana, yakan kuma zagayo da tsakar dare ya ga ko an yi. Mutanen suka rayu. Har yau wannan ita ce ginshiƙin jinyar.

A gidan da ba agogo, lokutan salla sun isa su zama ma'auni: a juya shi a kowace salla, a ƙara sau biyu tsakanin asuba da azahar, a kuma raba dare tsakanin mutum biyu. Ba a kwantar da shi a kan kwatangwalo sak, sai dai a ɗan karkata shi, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa shimfiɗa. In za a gyara masa kwanciya, mutum biyu su ɗaga shi da zane, kada a ja shi. Kada a murza wurin da launinsa ya sauya, kada kuma a naɗa gammo a ɗora shi a kai, domin gammo toshe jinin kewayen yake yi. Iyali su zaɓi mutum ɗaya wanda ba kunya tsakaninsa da majinyacin, 'yarsa ko ƙanwarta ko matarsa, a ɗora masa duba baya da dunduniya kullum.

Katifa kuwa ta cancanci kuɗin da za a kashe mata. Wani gwaji da aka buga a 2013, a kan tsofaffi 942 a gidajen jinya na Amurka da Kanada, ya nuna cewa in ana kan katifar soso mai kauri da tauri na musamman, ba a sami bambanci ba tsakanin juyawa bayan sa'a biyu, ko uku, ko huɗu. Ga matar da ke jinya ita kaɗai, wannan shi ne bambanci tsakanin samun barci da rashinsa. Ɗan da ke aiki a birni, in zai aika da abu ɗaya gida, katifa ta riga fitila.

Sai abinci. Jiki ba ya cike rami da kunu zalla. Tsoho mai gyambo na bukatar wake, da ƙwai, da nono, da kifi, wanda Gulbin Rima bai hana mutanensa ba, da gyaɗa, da zogale, da ruwan sha isasshe. Mai ciwon suga a kula da sugansa. Mikin kuma a wanke shi da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a rufe da bandeji mai tsabta. Toka, da garin ganye, da baƙin mai, da garin ƙwayar magani da ake barbaɗawa, duka ɓarna suke yi. Zuma tana da gurbinta: a 1988 wani likitan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Kalaba, Dokta Efem, ya ba da rahoton majinyata 59 masu gyambuna iri-iri da suka ƙi jin magani, waɗanda 58 daga cikinsu suka sami sauƙi da ita. Amma a bar ma'aikacin lafiya ya ga mikin tukuna. In ya yi baƙi, ko yana wari, ko yana zubar da mugunya, ko majinyaci ya fara zazzaɓi da ruɗewa, to ba maganar gida ba ce kuma. Mataccen nama sai an yanke shi a asibiti.

ABIN DA KE HANNUN HUKUMA

Ra'ayinmu shi ne bai dace Ma'aikatar Lafiya ta fara da odar na'urorin leza ba. Kowa ya san makomar na'ura mai tsada a wurin da wuta ba ta tsayawa, ba kuma wanda aka koya wa gyaranta. Kuɗin na'ura ɗaya zai sayi katifu masu yawa. Abin da ya fi gaggawa shi ne kowane tsoho da aka kwantar a asibiti a auna haɗarin kamuwarsa tun ranar farko. Ma'aunin yana nan tun 1962, lokacin da wata ma'aikaciyar jinya a Ingila, Doreen Norton, ta tsara nata. A 1987 aka fito da na Braden, mai maki daga 6 zuwa 23, wanda takarda guda ce da biro. Kuma kada a sallami mai shanyewar ɓarin jiki sai an koya wa wanda zai yi jinyarsa juyi, da hannu, a gaban nas. Ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin gundumomi, waɗanda su ke shiga gidaje, su ne ya kamata a fara horarwa. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 2018, tana da abin yi a nan.

Duk da haka ba mu ce a rufe ƙofa ga haske ba. Fitilar LED ba ta cin wuta, faifan sola guda da batir sun ishe ta, ba ta da zafi, ba ta kuma taɓa miki. In ta tabbata tana rage ko da mako biyu daga jinyar wata uku, ba ƙaramin sauƙi ba ne ga iyalin da ke sayar da buhun shinkafa don sayen bandeji. Hanyar sani ita ce Asibitin Koyarwa na Sakkwato, tare da Asibitin Ƙashi na Wamakko da manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, su shirya gwaji na gaskiya: a ɗauki masu gyambo mataki na biyu da na uku, a ba kowa katifa ɗaya da jinya ɗaya, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a haska su da jan haske mai zango kusa da 660, rabi da fitilar da ba ta aiki, wanda zai auna faɗin mikin kowane mako kuma kada ya san wane ne a wane rukuni. Ɗaliban jinya da na gashin ƙashi masu neman abin da za su rubuta a shekararsu ta ƙarshe suna iya fara share fage tun yanzu, ta hanyar ƙidaya tsofaffin da ke kwance a gidajen gunduma guda, da rubuta irin shimfiɗar da kowannensu yake kai, da sau nawa ake juya shi a yini.